A-kori-kurar Roni da Ƙafar Inna

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, da fatan kuna lafiya. Yaya aikin ofis, yaya Kaduna?

Ranar kasuwar Kazaure na ɗauko Inna daga Roni cikin a-kori-kura, domin likita ya duba ƙafarta. A hanya 'yan sanda suka sauke mu duka, wai a takarda sunanta motar kaya, ba ta ɗaukar mutane ba. Buhunan gero suka wuce, mahaifiyarka tana zaune a bakin titi har la'asar. A kan jaki muka mayar da ita gida.

Da ka zo Sallah ka yabi wannan doka, ka ce a-kori-kura sunan jahilai ne. To, jahilan nan su ne suke jinyar Inna. Na tuhumi zuciyata ko girman kai ne ya kawo wannan fushi, na yi istigfari, amma bai sauka ba.

Ƙafar tana ƙara kumbura. Ka zo da taka motar, wadda takarda ta yarda ta mutane ce, ka kai ta asibiti.

Ka gaida Rabi da yara. Ka sa Inna a addu'a, ko da ba za ka sa ta a mota ba.

Yayarka,
Hajara