Zanen Ƙofofina Yana Kwandon Shara

Daga: Ɗalibin ajin zane, mai zama a kwamfuta ta uku daga taga
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Cibiyar Koyar da Sana'o'i
Kwanan wata: 21 ga Yuli

Game da: Goge ayyukana da sunan samar da wuri a kwamfuta, da roƙon a dawo da su kafin 3 ga Agusta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana a rubuce, tunda sakatarenka ya ce maganar baka ba ta shiga ofishinka.

1. Tun farkon zango Malamar zane ta koya mana cewa duk abin da muka ajiye a kwamfutocin aji yana da kwafi a ma'ajiyar cibiya ta intanet. Ta ce idan kwamfuta ta cika, akwai wurin da ake dannawa aikin ya sauka daga kanta, sunansa ya rage da 'yar alamar gajimare a gefe, asalinsa yana can lafiya. Ta ja kunnenmu cewa gogewa daban ce: abin da ka goge a nan, ya gogu a can. Da hannunta ta rubuta wannan ta manna a jikin ƙofar aji. Takardar tana nan har yau.

2. Ranar 4 ga Yuli, Malama tana hutun haihuwa, jami'in kula da kwamfutoci ya shigo ya ce na'urorin sun yi nauyi, zai rage musu kaya. Bai danna wurin da aka tanada ba. Tattara komai ya yi ya zuba a kwandon shara, ya share kwandon, ya fita ta ƙofar nan mai takarda. Washegari na zo ban tarar da ko layi ɗaya ba. Zanen ƙofofin ƙarfe ne da tagogi, na dukan zangon, kowanne da awonsa, kuma su zan gabatar a jarrabawar ƙarshe ranar 6 ga Agusta.

3. Da na same shi, sai ya ce komai yana gajimare, in kwantar da hankalina. Muka buɗe tare, wayam. Nan take magana ta juya. A gaban 'yan ajinmu ya ce ai ni ba na zama wuri ɗaya, wa ya san abin da hannuna ya taɓa, wanda bai gama sakandare ba ina shi ina tuhumar ma'aikaci. Aka yi dariya. Ranka ya daɗe, kwamfuta ta biyu da ta huɗu ma ya share su, masu su dai suna da kwafi a waya shi ya sa suka yi shiru. Su ma hannuna ne? Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

4. Gaskiya ne na bar makaranta. Na yi gyaran babur, na yi kwandasta, na yi tsaron shago, babu inda na kai ƙarshe, har a gida Ɗan Tsalle suke kirana. Yayana maƙerin ƙofofi ne. Shi ya kawo ni nan, ya ce in na fito da takardar shaida zai sa mini tebur a shagonsa in riƙa zana wa masu sayen ƙofa, in kuma na sake tsalle kada in ƙara kiransa Yaya. Da na gaya masa abin da ya faru, ko gilashin walda bai ɗaga ba. Cewa ya yi wannan karon ƙaryar tawa ta ci gaba, har da gajimare a ciki.

5. Na kira Malama a waya. Ta ce ma'ajiyar intanet tana da nata kwandon, yana riƙe abin da aka goge wata guda kafin ya tafi har abada, kuma a nan ake ganin wanda ya goge. Kalmar sirrin shiga tana hannunka kai kaɗai. Ranar 11 da ranar 18 ga Yuli na zauna a bencin ƙofar ofishinka har aka tashi. Ni da ake cewa ba na iya zama.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a buɗe ma'ajiyar a dawo da ayyukana kafin 3 ga Agusta. A duba wanda ya goge su, a faɗi sunansa a gaban ajin da aka yi mini dariya. Ba na neman a kori kowa, ba na neman a ɗaga mini jarrabawa ko a ba ni maki don tausayi. Aikina nake so a duba. A cikinsa akwai ƙofa mai ganye biyu da na zana daidai awon gidan mahaifiyarmu, ina so Yayana ya gani da idonsa.

Wannan ne abu na farko da na kusa gamawa a rayuwata. Idan bai ƙarasa ba, a rubuta a fayil ɗina cewa wannan karon ba ni na gudu ba.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Ɗan Tsalle
Ajin zane, kwamfuta ta uku daga taga