Jini a Shaddar Ango

Daren Lahadi, Zongo.

Yanzu na gama wanke wa dokina Kili baki da ruwan gishiri, ko dusa ya kasa ci. Alhaji Sani ne ya are shi don hawan angoncin ɗansa, na kuma roƙe shi kada a bi babban titi. Sai da suka bi. 'Yan zem, masu baburan haya, suka kewaye dokin suna danna oda, ya firgita yana tsalle, jama'a na shewa wai rawa yake. Angon banza kuwa ya dinga fizgar linzami har baki ya tsage.

Da magariba Alhaji ya zo, na zaci haƙuri zai bayar. Wai, "Malam Idi, dokinka ya ɓata wa yaro shadda da jini."

Na ce, "Alhaji, jinin wa?"