Ummi Ta Daina Jiran Babur

Roni, Jihar Jigawa

Zuwa ga 'yata Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Jos, yaya ƙafar surukarki? Ni jiki sai a hankali, ido ma ya rage, ki yi haƙuri da rubutun.

Tun da yayanki Sani ya rasu, matan gida suka ce wa autarsa Ummi babanta ya tafi kasuwar garin Babura a babur ɗinsa. Kullum da yamma tana ƙofar gida kusa da tabarmata, duk babur ɗin da ya taho sai ta miƙe. Uwarta Rabi tana takaba, tana haɗiye kuka kada yarinyar ta gane, har ta daina cin abinci.

Jiya na ce wa Ummi, "Amaryata, zo nan. Babanki ya rasu, ba zai dawo ba."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kaka, to kai wa kake jira a nan?"

Ta ruga wajen uwarta, suka yi kuka sosai, ban bari kowa ya hana su ba. Bayan magariba Rabi ta ci tuwo.

Ki riƙa kiran Rabi a waya. Kada ki ce mata ta yi haƙuri kawai, ki saurare ta, ki tambaye ta ko ta ci, ko ta yi barci.

Ki gaida kowa, ku sa Sani a addu'a. Yau na sa an shigo da tabarmata cikin gida.

Mahaifinki,
Malam Isa