Ke Kika Ce Basir Ne, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mairo,

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Ni ce Halima, 'yarki ta tsakiya, wadda kike cewa bakinta ba ya gajiya da tambaya. Yau ma tambaya ce ta kawo ni, don na fara zarginki.

An yi mini aiki a Yamai, an yanke wani ɓangare na hanjina. Ciwon daji ne. Lokotoron da ya yi mini aikin ya aika tsokar zuwa ƙasar waje, inda na'ura ke karanta rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, harafi bayan harafi. Ya ce duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun, kuma akwai abin da ke bin baya yana gyara kuskure. Nawa mai gyaran rago ne. Wuraren da harafi ɗaya ke maimaituwa, a cikin tsokar da aka yanke, wasu sun yi tsawo, wasu sun gajarce, kamar tabarmar da mai saƙa ta tsallake kaba ba ta koma ta warware ba. Da aka duba jinina aka ga da wannan ragon mai gyaran aka haife ni. Sai ya tambaye ni ko wani a danginmu ya taɓa irin wannan ciwo.

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna Kawu Idi, yayanki.

A shekarun farin nan na saba'in aka kawo shi gidanmu a Tanut daga Tarka, ya rame har zobensa na faɗuwa. Ke kike wanke wandunansa, ba ki yarda kowa ya taɓa. Na ga launin ruwan da kike zubarwa bayan danga. Kika ce, "Basir ne, rufe mini baki."

Da ya rasu, dangi suka ce wani Buzu mai tallan cuku ne ya sa masa sammu, aka daina saye a wurinsa. Amma ke, duk ranar kasuwa kina aiken maƙwabciya ta sayo miki cukunsa, har ki gutsura mana. Inna, wanda ya yarda da sammu ba ya ba 'ya'yansa.

Sannan ƙanwarki Hajo ta bi shi, ita ma basir. Da ɗan Kawu Idi ya nemi aurena, kowa na murnar zumunci zai ƙara ƙarfi, ni ma ina so. Ke kaɗai kika kafe, ba ki ba da dalili ba sai, "Jinin nan ya ishe shi haka." Na daɗe ina jin haushinki. Da naki ciwon ya zo a shekarun tamanin, sassaƙe kika yi ta sha, kika hana a kai ki asibitin Damagaram.

Ina zargin kin sani. Ba ki san sunansa ba, amma kin ga hanyar da yake bi. Kunya ta hana ki faɗa, sai kika kare ni ta inda kika iya. Yanzu na gane, na kuma gode.

Ga abin da ya hana ni sakat. Habu, autanki, yana Belbeji yana ganin jini in ya zaga. Na roƙe shi ya zo a duba hanjinsa tun abin bai yi nisa ba. Dariya ya yi, ya ce basir ne irin na gidanmu, Inna ma ta faɗa. Ba ya jin maganata, taki yake ji, alhali kina ƙasa.

Don haka zan je in faɗa masa duk abin da kika rufe, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Idan na yi miki mummunan zato, ki yafe mini.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Kawu Idi da Hajo a Aljanna. Na san kina marmarin autanki, Inna. Ki yi haƙuri, ina roƙon Allah kada ya kawo miki shi yanzu.

'Yarki da har yau ba ta daina tambaya ba,
Halima