Rasuwar Baba Sakata, Mai Rufe Ƙofar Tsohuwa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar 'Yan Sa-kai Masu Tsaron Gari, a madadin mai girma Shugabanta, da Majalisar Dattawanta masu daraja, da kwamandojin sassa, tana sanar da jama'a cewa ta karɓi labarin rasuwar dattijonmu, uban garejinmu, wanda babba da yaro suka sani da Baba Sakata, wanda ajali ya riske shi a bakin aiki ranar da aka kwashe marasa lafiya daga asibitin ƙetaren gada.

Ba a iya ba da tarihin marigayin ba tare da an ambaci Tsohuwa ba, wato motar sulken nan mai tafiya a kan sarƙa da sojoji suka daɗe da yi wa ritaya, aka miƙa mana ita lokacin da yaƙi ya ƙaraso ƙofar gidajenmu. Ta girmi kusan duk mayaƙan da take ɗauka, tana tari kafin ta tashi, tana zubar da baƙin mai a duk inda ta kwana, a zamanin da abokan gaba ke farautar mutane da jirage marasa matuƙa. Amma da babu gara ba daɗi, kuma a hannun marigayin ba daɗin nan ta zama garkuwar gari. Waɗanda suka yi sammakon zuwa gareji ba za su manta da shi ba, yana tsaye cikin hayaƙinta mai shuɗi, rana na ratsowa ta hujojin kwano, yana shafa gefenta yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri.

Laƙabinsa daga ƙofarta ta baya ya samo asali. Makullin ciki ya mutu tun kafin ta zo hannunmu, don haka marigayin ya yi mata waldar sakata ta waje, ya kuma ɗora wa kansa aikin danna ta: idan kowa ya shiga sai ya rufe, ya haye rufin, ya buga ƙarfe da tafin hannunsa. Bugu ɗaya dakata, bugu biyu tafi. A can sama yake zama, hula a ƙeya, kuma da aka yi masa tsiyar cewa ya mayar da kansa tuta, sai ya yi dariya ya ce shi a ciki numfashinsa ɗaukewa yake. Yana da wani gwangwanin harsasai da ya cika da irin furanni, domin burinsa, in ji shi, idan yaƙi ya ƙare a ajiye Tsohuwa a bakin rafi, a cire mata sakatar nan, a bar ƙofar a wangale, furanni su haye bindigarta, kaji su yi ƙwai a kujerar direba. Mun sha yi masa dariya a kan haka, yau kuwa babu wanda ke iya kallon gwangwanin nan bai kawar da kai ba.

Ƙungiya ta ga ya wajaba ta fayyace abin da ya faru a ranar, saboda maganganu sun fara yawo. Bayan an shigar da na ƙarshe cikin marasa lafiya, marigayin ya danna sakata daidai lokacin da kukan jirgi maras matuƙi ya sauko kan harabar asibitin. Bai hau rufin ba. A jikin ƙofar ya yi bugu biyu, kuma wata ma'aikaciyar jinya da ke leƙe ta ɗan gilashin ƙofar ta shaida mana cewa ta gan shi ya tuɓe rigarsa ta sama yana kaɗa ta, yana gudu zuwa fili, nesa da motar, jirgin kuma ya bi shi. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar direban Tsohuwa ya san cewa cikin rurin injinta ba a bambanta bugun rufi da bugun ƙofa. Direban, wanda mijin 'yar marigayin ne, ya ji biyu, ya ja mota kamar yadda surukinsa ya koya masa, ya ƙetare gada da kowa da ransa. Ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra, kuma Ƙungiya ba za ta lamunci a ɗora masa ba.

Muna faɗin haka ne da ciwo a zuciya, domin tun ranar bawan Allahn nan bai taka gidansa ba, bai iya haɗa ido da matarsa ba. A gareji yake wuni, a bayan Tsohuwa, yana kallon sakata.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai daraja uwargidan marigayin, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da abokan aikinsa, muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya buɗe masa ƙofar rahamar da ba ta da sakata, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi. A ƙarshe, da izinin uwargidan, muna isar da saƙon da ta ba tawagarmu a bakin ƙofar ɗakinta, ta kuma nemi a sa shi yadda ta faɗa: “Ku ce wa yaron nan ya dawo gida, matarsa na jiransa. Babansa sau biyu ya buga masa, biyu kuwa tafiya ce. Me ya tsaya jira a gareji?”

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya,
a madadin Shugaba da Majalisar Dattawa,
Ƙungiyar 'Yan Sa-kai Masu Tsaron Gari