Inna da Kunne Take Bin Labarina

Yaya Habu,

Ina gaishe ka da kyau. Ina gajiya, ina iyali, ya zafin Agadas? Mu nan Konni lafiya lau muke.

Ka san wuri uku nake sakin kowane babi na labarina: babban shafin wani mutum, nawa ɗan shafin, sai zauren matan Dogarawa da nake tura wa da murya, tunda yawancinsu ba su iya karatu ba. Shekaranjiya mai babban shafin ya kira ni, wai muryar da nake tura wa zauren tana rage mishi jama'a. Ko in daina, ko ya cire ni.

Na ce, "Malam, cire ni yanzu, kada ka jira gobe."

Ya cire ni kuwa. Na rasa masu karatu da yawa, kuma abin ya yi mini zafi. Amma Inna tana cikin zauren nan, da kunne take bin labarina. Shi yana da marubuta barkatai, ni uwa ɗaya gare ni.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara. In kuma za ka ce in ba shi haƙuri, fara kiran Inna ka gaya mata da bakinka.

Ƙanwarka,
Zulai