Inna ta ƙi taka abin da na saya mata

Madarumfa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Malam Sanusi a Abijan,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, da mai ɗakinka, da yara, da yadda kuke fama da zaman baƙunta. Ka sani da hannuna na rubuta wannan.

Bayan haka, ciwon ƙafar Inna ya tsananta, har ta kasa zuwa lambunta na bakin tafki. Ni da kaina na kai ta Maraɗi. Likita ya ce tafin ƙafarta ya kwanta, sai an saya mata wasu shimfiɗu masu tudu da ake sawa cikin takalmi. Kayan farmasi, wato kantin magani, sun yi wuta tun da aka karya darajar kuɗi, sai da na sayar da ragon layya kafin na iya sayen shimfiɗun. Silifa ba ya riƙe su, na ƙara mata da takalmi sau-ciki.

Da ta ji abin da aka sayar, sai ta naɗe su a tsumma ta sa cikin kwalla. Na ce, "Inna, don takawa aka yi su." Ta ce, "Kai Lawali, ragon layya zan taka da ƙafata? Allah ya tsare ni." Na yi mata cikakken bayani, ba ta ji ba.

Jiya da rarrafe ta fito yin alwala, na juya baya don kada ta ga hawayena. Maganarka take ji fiye da tawa. Don Allah ka aiko kaset da muryarka, ka ce mata ta sa su.

Ka sa mu cikin addu'a. A gaida mutanen garinmu da ke nan.

Ƙanenka,
Lawali